Sabon Maƙogwaron Motar Baba

Ranar wata Asabar ce da hantsi, saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, shekarar da nake aji shida a firamare. Ina tsaye a kan turmin da aka kifa a gaban motar Baba, an ɗage bonet, kwalbar fetur tana hannuna na dama, shi kuma yana ciki yana murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, sai ya yi wani irin tari da ban taɓa jin ya yi ba. Na san tarin motar nan kamar yadda na san na mutanen gidanmu, kullum ta baya yake fitowa, ta salansa. Wannan kuwa ta gaba ya fito, daga cikin ramin da nake ɗiga wa fetur, har na ji iska mai ɗumi ta bugi bayan hannuna. Na ji sanyin fetur yana bin tsintsiyar hannuna yana jiƙa bakin hijabina, na buɗe baki zan ce a dakata, sai na ji muryar Baba daga ciki, cike da murna: "Ta kusa, Uwata. Ƙara mata kaɗan."

Bari in koma baya a labarin don a gane abin da ya kai yarinya mace bakin injin mota. Ƙauyenmu yana yamma da Daura, sai an sauka daga kwalta an bi hanyar rairayi mai ɗan nisa, an tsallaka wani rafi da ba ya riƙe ruwa sai tsakiyar damina. A lokacin mota ɗaya ce a duk garin, a-kori-kurar Baba, asalinta fara amma rana da tsatsa sun mai da ita ruwan ƙasa. Dattijuwa ake ce mata. Ita ke kai buhunan gero da wake kasuwa, ita ke kai awaki da tumaki Mashi da Dutsi, ita ke ɗauko kayan ɗakin amare, ita ke kai mace asibiti in haihuwa ta zo da gardama. Ko rasuwa aka yi a birni, Dattijuwa ce ke dawo da gawa gida. In aka jiyo ƙararta daga nesa, tsofaffin da ke zaune a gindin bedi sukan ɗaga kai su ce, "Malam Isa ya dawo." Mu yara kuwa sai mu watsar da duwatsun carafke mu ruga mu tare ta a bakin gari, mu ɗare bayanta, ya shigo da mu a hankali yana danna mana oda.

Ni ce 'yar fari, ƙannena biyu duk mata ne, ƙanana. Sunan mahaifiyar Baba na ci, Zulai, don haka shi Uwata yake ce mini. Inna kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba. Abu biyu ne suka haɗu mata, ga kunyar 'yar fari, ga sunan suruka. "Ke" take ce mini, in da mutane kuma sai ta ce "yarinyar nan". Ba ta yi mini kitso da hannunta sai dai ta tura ni maƙwabta, ba ta yaba mini, ba ta shiga faɗana ko da ni ce da gaskiya. Mutanen gari suna yabon ta a kan haka, suna cewa Amina mai kara ce, ta san girman dangin miji. Ni dai na tashi na ɗauka haka duk uwaye suke, sai na maƙale wa Baba. Da safe in na ɗebo ruwa a rijiya, na share tsakar gida, na zuba wa awaki harawa, sai in je in tsaya masa a bakin mota kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta. Ni ke zuba ruwa a lagireto, ni ke miƙo sifana, har na san wadda yake nufi in ya miƙo hannu bai yi magana ba. A makaranta ƙawayena suna yi mini tsiya wai ina warin baƙin mai, lokacin gaɗa ba mai son cafe ni don kada in ɓata mata riga. Ban damu ba. Duk ranar da Dattijuwa ta ƙi tashi, ni ke hawa turmi in ɗiga mata fetur a bakin kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska, Baba yana ba ta wuta. Haka duk direbobin da na sani suke yi, shi ma haka ya koya tun yana karen mota. Na yi hakan ban san iyaka ba, ko ƙwarzane ban taɓa samu ba.

Ciwon Dattijuwa ɗaya ne, ba ta da numfashi. A kwalta lafiya lau take tafiya, amma in aka cika ta da kaya ta zo gangaren rafin nan, sai ta shiga rairayi ta yi nishi ta mutu. Fasinja su sauka, maza su tura, mata su koma gefe da goyo suna kare rana da mayafi, a karyo rassan sabara a shimfiɗa a ƙarƙashin taya. Direbobin tasha ba sa raga masa. Akwai wani Ɗanliti, abokin wasansa, in ya hango shi sai ya ce, "Malam Isa, ka saya wa tsohuwar nan sanda mana ta riƙa dogarawa." Baba ya ce, "Ita za ta ja taka zuwa wajen 'yan gwangwan, kana kallo." A yi dariya. Amma abin yana cin sa. A shekarar nan wani dillalin raguna da ya daɗe yana ba shi lodi ya wuni da su a rafi, raguna suna haki a rana har ɗaya ya kusa mutuwa, sai ya ce masa gaba da gaba in ba a yi wa motar wani abu ba, lodin Sallah wani zai ba.

Bakanikensa, Malam Sale, wanda garejinsa ke kan hanyar shiga Daura, shi ya nuna masa inda ciwon yake. Tare muka je, ina zaune a kan tsohuwar taya ina ɓarar gyaɗa. Ya ɗora yatsa a kan wani ƙarfe da ke manne a gefen injin, ya ce sunansa manifol, ta nan iska da fetur ke bi su rarrabu su shiga ciki. Na Dattijuwa siriri ne, kafireton da ke kansa kuma baki ɗaya gare shi. Akwai mai faɗi wanda ke ɗaukar kafireto mai baki biyu, in aka samu aka ɗaura, mota za ta ja iska ta ƙoshi ta hau duk inda ake so. A hanyar dawowa na tambayi Baba me ke nan, ya kama wuyansa ya ce, "Kin ga nan, Uwata? Nata ne ya yi ƙanƙanta. Sabon maƙogwaro za mu sa mata." Ba a daɗe ba ya dawo daga Mashi da shi a cikin buhu, haɗe da kafiretonsa, ya samo wajen masu shigo da kayan mota daga Nijar. Ya zazzage shi a tabarma muka kewaye shi. Farin ƙarfe ne marar nauyi, mai rassa huɗu da suka lanƙwasa suka haɗu wuri guda, kamar hannun mutum da babu babban yatsa. Ƙanwata ta sa baki a rami ɗaya ta busa, muka yi ta dariya. Inna ta leƙo daga madafa ta kalle shi, ta koma.

Abu ɗaya ne bai zo da shi ba, gasket, wato 'yar shimfiɗar nan da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta sata ta shiga. Malam Sale ya ce a bari ya aika Kano a kawo, sannan a kai masa motar ya ɗaura da kansa. Amma saƙon Kano a hannun direba ba shi da rana, garejin cike yake da motocin masu shirin Sallah, dillalin raguna kuma yana jira. Baba ya ce shi da ya sha sauke injin a daji tun yana saurayi, ba manifol ne zai gagare shi ba. Gasket kuwa ai ba yau aka fara yanka shi da kwali ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka fara, a ƙofar gida, a gindin bedi. Kaka ce, ana ta shigowa da damman gero a kan jakuna, ƙanshin ɗanyen kara ya cika gari. Ba zan ɓoye ba, wunin nan yana cikin mafi daɗi da na taɓa yi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai in na tuna. Baba ya cire riga ya bar singileti, yana kwance notuna yana jefa mini a kwano, ni kuma ina wanke su da kananzir. Da tsohon manifol ya fita, baƙaƙen ramuka suka bayyana a jikin injin, ya sa na cusa musu tsumma don kada tsakuwa ta faɗa. Sannan ya aike ni shago na karɓo kwalin sabulu. Ya shafa wa fuskar sabon ƙarfen baƙin mai, ya danna a kan kwalin zanensa ya fito, ya zauna yana bin zanen da reza yana 'yar waƙa a hanci. Masu wucewa suna tsayawa suna ba da shawara, wannan ya ce a ninka kwalin, wancan ya ce ɗaya ma ya isa. Kafin rana ta faɗi ya zare tsummokaran, sabon maƙogwaro ya hau, yana ƙyalli a tsakiyar tsohon injin kamar haƙorin Makka a bakin tsohuwa. Baba ya goge hannu ya ce gobe za a ji muryarta.

Washegari na tafi Islamiyya, ina dawowa na tarar da shi yana fama, mota ta ƙi tashi, batir ya fara sanyi. Ko gida ban shiga ba ya miƙo mini kwalba. Da ma in zan taya shi aiki nakan cire hijabi in ɗaura ɗankwali, ranar kuwa yadda na dawo haka na hau turmi, da dogon hijabina na yadin nan mai santsi da ake ɗinka wa 'yan makaranta. Sai wannan tarin da na faɗa. Sai ya ce in ƙara mata kaɗan. Na ƙara.

Ban ji wata babbar ƙara ba. Kamar an kaɗa zane ne a iska, sai na ga wuta ta miƙe daga ramukan kafireton nan biyu ta kama bakin kwalbar, ta bi hannuna kamar da ma hanyarta ce. Kwalbar ta suɓuce ta fashe a kan injin. Da farko ban ji zafi ba, mamaki nake yi yadda hijabina ke naɗewa yana ɗiga kamar leda. Na faɗo daga turmin na tashi da gudu, ban san inda na nufa ba, iska tana ƙara hura ta. Baba ne ya cim mini a bakin katangar maƙwabta, ya kayar da ni, ya kama hijabin da hannuwansa biyu yana yagewa. Yadin ya narke ya manne a tafukansa, bai saki ba. Yana yagewa yana birgima ni a rairayi yana cewa "Uwata, Uwata," ba da ƙarfi ba, kamar mai tashin yaro daga barci. A bayanmu mutane suna watsa wa motar ƙasa da kwanuka, kafin su kashe ta wayoyi da robobin injin duk sun cinye. Sai da na girma na tambayi Malam Sale, ya ce kwalin ne bai zauna daidai ba, iska ta riƙa sata ta gefe, injin ya yi atishawa ta baki maimakon ta baya. Shi ke nan fa. Ɗan wurin da reza ta kauce.

Ƙunar ta kama hannuna na dama tun daga yatsu har kusa da kafaɗa, da gefen wuya. Aka kwantar da ni a ɗakin Inna, mata suka cika ɗakin. Gwaggo Hanne, yayar Baba, ita ta karɓi komai. Gidan maƙera ta yi aure, a wajenmu kuwa ƙuna ta maƙera ce, su ke wasa da wuta, su ke da maganinta. Ta fasa ɗanyen ƙwai ta shafa mini, mijinta ya zo ya yi tofi, sannan aka kawo gashin zomo a ƙunshe a tsumma, ta riƙa tsinka tana liƙawa a kan ciwon har hannuna ya koma kamar na wata dabba. Ta ce gashin zai shanye ruwan, ya bushe ya faɗi da kansa ya bar sabuwar fata. Na jiyo Baba daga zaure yana cewa a nemi mota a kai ni birni. Gwaggo ta fita ta same shi, ina jin ta: "Wace motar? Taka da ka ƙona? Zauna a yi maka magani, Isa. Yara nawa na warkar a garin nan kana gani? Asibiti naɗe ƙuna suke yi ta ruɓe." Shi ma hannuwansa sun kumbura sun yi bororo, ko buta ba ya iya ɗauka, ga nauyin abin da ya faru ya danne shi. Ya koma ya zauna. Inna tana tsaye a bakin ƙofa da autarmu a goye. Uwar 'yar fari ba ta da baki a kan 'yarta a gaban dangin miji.

Kwanakin da suka biyo baya ba na iya jera su. Na san an yi Sallah ina kwance, don na ji kabbara daga filin idi, na ji ƙaurin babbakar kawunan raguna, wanda har yau ba na iya zama inda ake yin ta. Ƙawayena sun zo da kwalliyarsu da lallensu, suka tsaya daga bakin ƙofa, na ga ɗaya ta kai gefen mayafi hanci. A nan na gane warin da nake ji ba daga waje yake ba. Gashin bai bushe ba, ya jiƙe ya dunƙule, ruwa mai launin ɗorawa yana tsattsafowa ta ƙarƙashinsa. Zazzaɓi ya rufe ni, ina ganin rufin ɗaki yana saukowa kaina. Gwaggo ta ce dafin wutar ne ke fita, ta ƙara wani gashin a kan na da. In ɗakin ya zama ba kowa, Inna takan zo da mafici ta zauna tana kore mini ƙuda, da ta ji takun mutum sai ta ajiye ta koma bakin murhu kamar ba ita ba.

Wata safiya na farka na ga Inna tana kallon yatsuna. Biyu daga ciki sun fara duhu. Ta sauke goyonta ta miƙa wa maƙwabciya, ta ɗauki mayafi ta fita, ita da ko gidan suna ba ta zuwa sai da izini. Ta je har gona ta sami Malam Audu mai amalanken shanu yana lodin dami, ta tsaya a gabansa ta ce ya sauke geron nan ya zo ya ɗauki 'yarta. Matarsa ce ta ba ni labari daga baya, ta ce abin da ya sa ya sauke ba musu shi ne jin "'yata" a bakin Amina. Da amalanken ya tsaya a ƙofar gida, Gwaggo ta tare bakin ɗaki. "Amina, yau kuma ke ce da wannan rashin kunya? A kan 'yar fari?" Inna ta durƙusa har ƙasa kamar yadda ta saba gaishe ta, ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. A ba ni hanya." Ta ɗauke ni da kanta. Rabon da in ji jikina a jikinta tun ban yi wayo ba. Baba ya hau gefen amalanken ya zauna, hannuwansa a sama kamar mai roƙon Allah. Muka wuce Dattijuwa a gindin bedi, bonet a ɗage, cikinta baƙi ƙirin, awaki sun shige ƙarƙashinta suna shan inuwa. Muka zo rafin nan da ya jawo komai, shanu suka tsallake shi a hankali ba wanda ya tura. A bakin kwalta aka tsayar da mota ta kai mu Daura.

A asibiti ba a yi wa kowa faɗa ba, da ma an yi, da ya fi mini sauƙi. Likitan ya ɗaga hannun ya duba, ya ja Baba gefe. Labule ne kawai tsakaninmu. Na ji yana cewa dafi ya shiga jini, za su gwada allurai da wanki, in bai juya ba sai an cire hannun daga kafaɗa, kuma ko an cire ba zai iya yin alkawari ba. Na ji Baba ya ce, "Na dama ne fa, likita. Da shi take rubutu." Wankin ciwon nan ba zan iya kwatanta shi ba. Kullum da safe wata doguwar malamar asibiti, Malama Ladi, tana zuwa da hantsaki da ruwan gishiri, ta jiƙa gashin ta riƙa zarewa ɗai-ɗai, wani ya riga ya shige cikin nama. Tun daga jin ƙarar tayoyin teburinta a baranda nake fara kuka. Takan ce, "Yi ihunki, 'yata, nan asibiti ne, ba gidan surukai ba." Inna ce ke danne mini ƙafafu, fuskarta a juye ga bango. In an gama likita ya zo ya matsa faratana ya tambaye ni ko na ji, ya zana layi da biro a kafaɗata daidai inda jan ya tsaya, washegari ya duba ko ya tsallake. Duk wunin Allah idona yana kan layin nan. A gadon kusa da nawa wata tsohuwa ce da aka cire wa ƙafa, nakan kalli inda bargonta ya kwanta babu komai a ƙarƙashi, in juya. Baba kuwa yana zama a gindin bishiya saitin tagarmu, an naɗe masa hannuwa biyu kamar ɗan dambe. In ya shigo sai ya tsaya daga ƙafar gado ya ce, "Uwata, ya jiki?" In ce da sauƙi, sai mu rasa abin cewa, mu da ba ma gajiya da hira.

Yau na gama sakandare, garinmu ya canza. An yi kwalbati a kan rafin, babura sun cika ko'ina, ba wanda ke ɗaga kai in ya ji ƙarar inji. Tafukan Baba sun warke a ƙanƙame, bai sake riƙe sitiyari ba, yana zama a gindin bedin nan tare da tsofaffin da da suke jiran dawowarsa. Dattijuwa, Ɗanliti ne ya zo ya ja ta da motarsa zuwa wajen 'yan gwangwan, ranar bai yi tsiya ko ɗaya ba. Tsohon manifol ɗin, wanda bai yi wa kowa komai ba, yana nan a bayan rumbu, Inna na tokare ƙofar akurki da shi. Ni kuwa har yanzu in babur ya yi tari a kusa da ni sai in yi tsalle in koma gefe. Kwanan nan a bakin kasuwa na ga wani yana fama da janareta, ya ba 'yarsa kwalba ta riƙe masa, ban san lokacin da na fizge kwalbar na jefar ba, na tsaya mutane na kallona, na kasa yi musu bayani. Duk da haka wani lokacin in na wuce gareji na shaƙi warin baƙin mai, sai in ji ina kewar kwanon notuna da 'yar waƙar nan ta hanci.

In tsoron ya taso mini, akwai sa'a ɗaya da nake komawa in fake a cikinta. Bayan azahar ne, na farka daga barcin wahala, jikina sharkaf da gumi, kaina kuma wasai kamar an sauke mini tulu. Inna tana zaune a kan gadon, ba a tabarmar ƙasa inda ta saba ba, ta ɗora hannuna mai bandeji a cinyarta. Malama Ladi tana tsaye, tsohuwar nan tana kallonmu, Baba yana bakin ƙofa. Na saci kallon kafaɗata, na ga jan ya ja baya ya bar layin biro shi kaɗai a kan fata. Malama Ladi ta ce, "Gaya mata mana, ai ke ce uwa." Inna ta daɗe tana kallon bandejin. Sannan a gaban mijinta, a gaban baƙi, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Zulai." Ta faɗe shi kamar mai gwada takalmin da ba nata ba. "Likita ya zo kina barci. Ya ce ba za a cire ba. Kin tsira, Zulai."

Da hannun nake rubuta wannan, yatsu biyu a lanƙwashe. Sunan kuwa ba ta sake faɗarsa ba har yau, kuma na ranar ya ishe ni.